Sassarfa: Yadda Masu Teɓa Suka Koya wa Duniya Gudu

A ƙarshen shekarar 1962, Bill Bowerman ya sauka a ƙasar New Zealand tare da wasu 'yan tserensa. Shekarunsa 51 a lokacin, shi ne mai horar da 'yan guje-guje na Jami'ar Oregon da ke Amurka, kuma a fagensa babu mai ja da shi. Ya yi yaƙin duniya na biyu a duwatsun Italiya, ya kuma fito da samari masu cinye mil guda cikin ƙasa da minti huɗu. Abu ɗaya ne ya daɗe bai yi ba, wato gudun kansa. Aikinsa tsayuwa a gefen fili da agogo a hannu, yana ba yara umarni.

Mai masaukinsa, Arthur Lydiard, ya gayyace shi wata safiya su fita tare da wata ƙungiya ta mutanen gari a birnin Auckland. Da Bowerman ya ga taron sai hankalinsa ya kwanta, don kuwa ba 'yan wasa ya tarar ba. Magidanta ne, 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis, wasu da furfura, wasu da sanƙo. Aka ɗauki hanya. Ba a yi nisa ba aka fara hawan tudu, nan fa numfashi ya soma gagarar baƙon. Jama'a suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya suna taɗi abinsu, har suka ɓace masa. Mutum ɗaya kaɗai ya rage tare da shi, wani dattijo mai suna Andy Steedman, wanda ya haura shekara 70 kuma ya taɓa kwanciya da ciwon zuciya. Dattijon ya sassauta ƙafa don kada a bar baƙo shi kaɗai, ya nuna masa wata yankan hanya, ya raka shi har suka koma cikin mutane.

Bowerman bai taɓa mantawa da wannan kunyar ba, kuma daga gare ta ne gudun nan na motsa jiki, wanda Bahaushe zai kira sassarfa, ya tsallaka teku ya shiga Amurka, daga can ya bazu. An saba ba da tarihin gudu ta bakin zakaru da lambobin zinare. Tarihin sassarfa kuwa na wasu mutane ne daban, waɗanda suka wayi gari suka ga jikinsu ya ci amanarsu, kuma tambayar da ta dame su ita ce yadda mutumin da ba ya iya gudun minti biyu zai fara ba tare da ya halaka kansa ba.

Kafin a gane nauyin abin da Bowerman ya gani, sai an tuna abin da likitanci ya yi imani da shi a wancan zamani. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, wanda zuciyarsa ta buga akan kwantar da shi ne kimanin mako shida, ba ya ko sauka daga gado, wani lokaci ma ma'aikatan jinya ke ba shi abinci a baki. Ana kallon zuciya kamar injin da ke da iyakar aikin da zai yi a rayuwarsa, duk wanda ya matsa masa ya rage kwanansa. Idan aka ga zuciyar ɗan wasa ta fi ta sauran mutane girma, sai a ɗauke ta a matsayin alamar cuta. A 1952, da likitoci biyu na birnin Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka ba da shawarar a riƙa zaunar da irin waɗannan majinyata a kujera maimakon a bar su kwance, abokan aikinsu da dama sun ɗauki abin ganganci. Kujera kawai fa, ba gudu ba.

A daidai wannan lokaci ciwon zuciya na ta kashe magidanta a Turai da Amurka, ba a kuma san dalili ba. Mutumin da ya fara kawo hujja mai ƙarfi wani likita ne a Landan, Jeremy Morris, kuma a cikin motar haya ya samo ta. A wancan lokaci bas-bas ɗin Landan masu hawa biyu ne, kowace tana da direba da kwandasta. Mutanen nan biyu kusan tushensu ɗaya, unguwanninsu ɗaya, lokacin aikinsu ɗaya. Bambancinsu shi ne direba yana zaune kusan duk yini, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka a matattakala ɗaruruwa yana karɓar kuɗin mota. Morris ya bi bayanan lafiyar ma'aikata kimanin 31,000, ya buga sakamakon a mujallar Lancet a 1953: ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma mutuwar farat ɗaya a cikinsu ta kusa ninka ta kwandastoci. Ya duba ma'aikatan gidan waya, ya tarar da abu iri ɗaya tsakanin masu yawon raba wasiƙu da masu zama a kan tebur.

Masu suka suka ce ai direbobi dama sun fi ƙiba, watakila masu jiki ne ke zaɓar aikin zama tun farko. Tambaya ce mai ma'ana, kuma yadda Morris ya amsa ta abin sha'awa ne. Ya je ya nemo ma'aunin wandunan aikin da hukumar sufuri ke raba wa ma'aikatanta. Ya tabbata direbobi sun fi faɗin ƙugu, amma ko an kwatanta mai ƙiba da mai ƙiba, siriri da siriri, kwandasta ya fi tsira. Morris ya ɗauki sakamakon bincikensa da gaske, ya shiga yin gudu a wani fili da ke arewacin Landan tun lokacin da jama'a ke kallon mai yin haka a matsayin taɓaɓɓe. Ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Amurka ma ta sami nata darasin. A Satumbar 1955 zuciyar Shugaba Eisenhower ta buga, ƙasa ta ruɗe. Likitan da aka kira, Paul Dudley White, mutum ne mai son keke da tafiyar ƙafa, kuma maimakon ya ce shugaban ya ajiye aiki ya kwanta, sai ya ƙarfafa masa gwiwa ya koma harkokinsa. Eisenhower ya sake tsayawa zaɓe a 1956 ya ci. Duk da haka, sanin cewa motsi na da amfani daban, sanin yadda magidanci mai tumbi zai fara shi daban. Kwandasta aikinsa ne ya tilasta masa. Wanda ke zaune a ofis babu matattakalar da za ta tilasta masa komai.

Amsar ta fito ne daga hannun mutumin da bai taɓa shiga makarantar likitanci ba. An haifi Arthur Lydiard a Auckland a 1917, kuma a masana'antar takalma yake aiki. Yana buga wasan rugbi, don haka yana ganin kansa lafiyayye. Yana ɗan shekara ashirin da wani abu, wani mutum da ya girme shi sosai, Jack Dolan, shugaban wata ƙungiyar guje-guje, ya ja shi gudun mil biyar. Lydiard ya dawo kamar ransa zai fita, babban kuwa ko gezau. Abin lura ne cewa abin da ya faru da Bowerman a 1962 shi ne ya faru da Lydiard kusan shekara ashirin kafin nan: wanda ya girme shi ya ba shi kunya a kan hanya. Lydiard ya tambayi kansa, idan haka yake yana saurayi, yaya zai kasance idan ya doshi hamsin?

Sai ya mai da jikinsa ɗakin gwaji. Shekara da shekaru yana gudu kafin aiki da bayan aiki, yana ƙara nisa har abin ya wuce hankali, yana ragewa, yana lura da abin da jiki ke ce masa. Daga ƙarshe ya tsaya a kan kimanin mil 100 a mako, wato kilomita 160. Amma adadin ba shi ne muhimmin abin da ya gano ba. Masu horarwa na zamaninsa sun fi yarda da gajeren gudu mai tsanani, a yi ta maimaitawa har ɗan wasa ya galabaita. Lydiard ya lura cewa dogon gudu a saurin da mutum bai kai ga haki ba shi ne ke gina ƙarfin zuciya da huhu, kuma a kan wannan harsashi ne ake ɗora sauri daga baya. Masana aikin jiki sun bayyana dalilin a shekarun da suka biyo: irin wannan gudu yana sa zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu, ƙananan hanyoyin jini su yawaita a cikin tsoka, tsokar kuma ta ƙware wajen amfani da iskar da jini ya kawo mata.

Samarin unguwarsu suka fara bin sa. A gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, a rana ɗaya, cikin kimanin sa'a guda, biyu daga cikinsu suka ci zinare: Peter Snell a mita 800, Murray Halberg a mita 5,000. Halberg hannunsa na hagu a shanye yake tun wani rauni da ya ji a wasan rugbi yana matashi. Na uku, Barry Magee, ya ci tagulla a gudun fanfalaki, tseren da Abebe Bikila na Habasha ya lashe ba takalmi. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan uku ba ta girgiza duniyar wasanni, aka shiga neman mai ɗinkin takalmin nan ya zo ya yi bayani.

A wuraren da yake jawabi, masu sauraronsa galibi 'yan kasuwa ne masu ƙiba, wasu ma likita ya riga ya gargaɗe su. Lydiard ya ce musu abin da ya gina Snell zai gina su, illa dai a rage ma'auni ƙwarai. A Fabrairun 1962, shi da wani ɗan kasuwa, Colin Kay, wanda daga baya ya zama magajin garin Auckland, suka kafa ƙungiyar masu sassarfa ta birnin, wadda ake ɗauka ita ce irinta ta farko a duniya. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: a yi tafiya a saurin da za a iya taɗi, wanda ya ji numfashinsa ya sarƙe ya koma tafiyar ƙafa, kuma a horar da jiki ba tare da an azabtar da shi ba. Maganar taɗin nan ma'auni ce ta gaske. Muddin mutum na iya furta cikakkiyar jimla yana gudu, jikinsa na samun iskar da yake buƙata. Ya zama kowa na ɗauke da na'urar awonsa a bakinsa, ba sai ya sayi komai ba.

Wannan ƙungiya ce ta bar Bowerman a baya, wata goma kacal da kafuwarta.

Ya zauna a New Zealand makonni yana fita kullum, ya koma gida ƙugunsa ya ragu. Wani ɗan jarida a garinsu, Eugene, ya tambaye shi abin da ya koyo, ya ce ya koyo cewa bai san ma'anar lafiyar jiki ba, duk mai so kuma ya zo filin wasan jami'a ranar Lahadi. A makon farko mutane ƙalilan ne suka zo. Cikin 'yan makonni suka zama dubbai, mata da maza, tsofaffi da yara, wasu da takalman zuwa ofis. A nan Bowerman ya yi abin da ya cancanci yabo fiye da duk lambobin da ɗalibansa suka ci: ya tsorata. Ya dubi taron ya san cewa a cikinsu akwai mai zuciyar da ba za ta ɗauka ba, kuma idan wani ya faɗi a filin nan shi ne sila. Ya ce jama'a su koma su riƙa yi a unguwanninsu, shi kuma ya nemi wani likitan zuciya, Waldo Harris, suka fara gwaji a kan magidanta ƙungiya-ƙungiya, ana auna su kafin su fara da bayan sun yi watanni.

Abin da suka koya suka zuba a wani ɗan littafi mai suna Jogging, wanda ya fito a 1967 ya kuma sayar da fiye da kwafi miliyan guda. Tsarinsa ya ginu a kan abubuwa biyu. Na farko, mafari ya riƙa cakuɗa gajeren gudu da tafiyar ƙafa. Na biyu, ranar wahala sai ranar sauƙi ta biyo ta, domin a lokacin hutu ne jiki ke gyara abin da gudu ya taɓa. Bowerman dama da wannan ƙa'ida yake horar da zakarunsa, sai ga shi ta fi amfani ga masu teɓa. Ba a rasa kasuwa a cikin lamarin ba. A 1964 shi da tsohon ɗalibinsa Phil Knight sun kafa kamfanin sayar da takalman gudu, wanda a 1971 ya zama Nike, kuma duk sabon mai sassarfa mai sayen takalmi ne. Wannan bai rage gaskiyar abin da littafin ya koyar ba, amma ya bayyana dalilin da ya sa saƙon ya sami masu yayata shi da kuɗinsu.

Shekara guda bayan haka wani likitan sojan sama na Amurka, Kenneth Cooper, ya fitar da littafinsa Aerobics. Shi ma labarinsa bai bambanta ba. Ɗan tsere ne a makaranta, karatun likitanci ya zaunar da shi ya yi ƙiba, yana da shekara 29 zuciyarsa ta rikice masa a wajen wani wasan ruwa har ya zaci ajali ne. Gudunmawarsa ita ce lissafi: ya ƙirƙiro gwajin minti 12, a ga nisan da mutum zai ci, daga nan a san matsayinsa da inda zai fara. Masu horar da 'yan ƙwallon Brazil sun yi amfani da gwajin wajen shirin cin kofin duniya na 1970, shi ya sa har yau a Brazil sunan Cooper ne ake kiran sassarfa da shi.

A shekarun 1960, babban mutum da ke gudu a titi ba tare da wani ya koro shi ba abin tuhuma ne, har 'yan sanda kan tare shi. Shekarun 1970 suka sauya wannan. A 1970 aka yi gudun fanfalaki na farko na birnin New York, mutum 127 suka shiga, kowa ya biya dala ɗaya, 55 suka kammala. A 1972 Ba'amurke Frank Shorter ya ci zinare a Munich, miliyoyi na kallo a talabijin. A 1976 tseren New York ya fita daga cikin lambu ya ratsa gundumomin birnin biyar, da 'yan gudu kimanin 2,000. Mata, waɗanda aka daɗe ana cewa dogon gudu zai lalata musu jiki, suka kutsa da ƙarfi: a 1967 wani jami'in tseren Boston ya yi ƙoƙarin fizge lambar Kathrine Switzer ana tsakiyar gudu, amma zuwa 1984 gudun fanfalaki na mata ya shiga Olamfik. A 1973 kuwa wani likita a Toronto ta Kanada, Terence Kavanagh, ya kai majinyatansa waɗanda zuciyarsu ta taɓa bugawa tseren Boston, bakwai suka kammala. Shekara ashirin da ɗaya ke nan bayan an yi ta gardama a kan zaunar da irinsu a kujera.

Sai dai nasara ta zo da mantuwa. Abin da ya fara da taɗi a kan hanya ya rikiɗe ya zama gasa, kilomita 42 ta zama ma'aunin wanda ya isa. Wani likitan binciken gawa a California, Thomas Bassler, ya shiga yaɗa cewa duk wanda ya iya kammala gudun fanfalaki, ba ya kuma shan taba, ya sami kariya daga mutuwar toshewar jijiyoyin zuciya. Magana ce mai daɗin ji, don haka ta yi tafiya fiye da hujjarta. A 1979 Tim Noakes da abokan aikinsa a Afirka ta Kudu suka buga sakamakon binciken gawar wasu 'yan gudun fanfalaki da aka tarar jijiyoyin zuciyarsu a toshe, amma ba kowa ya saurara ba. A shekarar ce kuma Shugaba Jimmy Carter ya matsa wa kansa a wani tseren kilomita 10 mai tuddai, ƙafafunsa suka saki, masu tsaronsa suka tallafe shi a gaban 'yan jarida. Shi dai ya tashi, ya kuma rayu har shekara 100.

Wanda bai tashi ba shi ne Jim Fixx. A 1967, yana da shekara 35, Fixx editan mujalla ne a New York, nauyinsa ya kusa kilo 100, yana shan kwalin sigari biyu a rana. Ya fara gudu, ya daina taba, ya zubar da fiye da kilo 25. A 1977 ya wallafa The Complete Book of Running, wanda ya sayar da fiye da miliyan guda ya mai da shi fuskar harkar baki ɗaya. Mutane sun yarda da shi ne saboda ba zakara ba ne, irinsu ne, mai ƙiban da ya gyaru. Ranar 20 ga Yulin 1984 ya fita gudu a wani ƙauye na jihar Vermont, aka tsinci gawarsa a gefen hanya. Shekarunsa 52.

Masu zaman kujera sun ji daɗin labarin fiye da yadda ya kamata, ya zama abin barkwanci da hujjar ƙin motsi. Binciken gawa ya nuna wani abu daban. Manyan jijiyoyin zuciyarsa uku a toshe suke, ɗaya da kashi 95 cikin ɗari, ɗaya 85, ɗaya 70, kuma irin wannan toshewa shekaru take ɗauka tana taruwa. Mahaifinsa ya kamu da ciwon zuciya yana da shekara 35, ya rasu yana 43. Fixx ya gaji haɗarin, ya ƙara masa shekarun taba da ƙiba. Cooper, wanda ya bi diddigin mutuwar ya kuma rubuta littafi a kanta, ya bayyana cewa ya taɓa yi wa Fixx tayin gwajin zuciya a asibitinsa, irin wanda ake yi mutum na gudu a kan inji, Fixx bai karɓa ba. Ya haura shekarun mahaifinsa da tara, kuma mai yiwuwa gudun na da hannu a wannan. Abin da gudun bai iya ba shi ne ya goge gado, ko ya maye gurbin likita.

Wata uku bayan rasuwarsa, wani bincike da David Siscovick da abokansa suka yi a yankin Seattle ya fito, ya kuma faɗi lamarin da alƙaluma. Ga namijin da bai saba motsa jiki ba, haɗarin tsayawar zuciya a daidai lokacin da yake aiki mai tsanani ya ninka na lokacin hutunsa sau 56. Ga wanda ya saba, sau 5 ne. Idan kuma aka haɗa sa'o'in yini duka, haɗarin wanda ya saba kashi 40 ne cikin ɗari na haɗarin mai zama. Wato ɓangarorin biyu kowa na da rabin gaskiya: gudu na kare zuciya, kuma mafi haɗarin gudu shi ne wanda mutumin da ya shekara goma a kujera ya tashi rana ɗaya ya yi da dukan ƙarfinsa. Tsoron da ya kama Bowerman a filin jami'a a 1963 ya sami lambobinsa bayan shekara ashirin da ɗaya. Shi ya sa shawarar likitoci ta tsaya a kan cewa mai hawan jini, ko ciwon suga, ko wanda ciwon zuciya ya ɗauki wani nasa da wuri, ya fara ganin likita, kuma ciwon ƙirji ko jiri a kan hanya dalilin tsayawa ne nan take.

Akwai kuma wani tarko da ya fi yawan kama mafari, ko da yake ba ya kisa. Zuciya da huhu suna gyaruwa cikin makonni, amma ƙashi da agara da jijiyoyin gwiwa watanni suke buƙata. Mutum sai ya ji numfashinsa ya buɗe a mako na huɗu, ya ninka nisansa, a mako na shida ƙwaurinsa ya hana shi taka ƙasa, ya yanke cewa gudu ba nasa ba ne. Yawancin waɗanda suka fara suka bari a nan suka tsaya.

Maganin wannan tarko ya zo ne daga wani wanda shi ma ba likita ba ne. Josh Clark matashi ne Ba'amurke da ya tsani gudu, ya fara shi a wani lokaci na ɓacin rai, ya sha azaba makonni kafin jikinsa ya saba. Da ya so mahaifiyarsa ta fara, sai ya zauna ya tsara mata hanyar da ba za ta sha abin da ya sha ba, ya kuma sa tsarin a intanet a 1996 da suna Couch to 5K, ma'ana daga kan kujera zuwa kilomita biyar. Mako tara ne, sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. A makon farko gudun daƙiƙa 60 ne, sai tafiyar daƙiƙa 90, a yi ta maimaitawa har minti 20. A mako na tara mutum na yin minti 30 ba tsayawa. Babu sabon ilmi a ciki, littafin 1967 ne aka mayar jadawali. Hikimarsa ita ce ya sa matakin farko ƙasa ƙwarai yadda da wuya a faɗi, ya kuma hana mai zumuɗi wuce gona da iri. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta ɗauke shi ta mai da shi manhajar waya kyauta, miliyoyin mutane suka sauke.

A Oktoban 2004, wani mutum da ya tashi a Afirka ta Kudu, Paul Sinton-Hewitt, yana zaune a Landan da rauni a ƙafa, ga shi ya rasa aikinsa. Gudu ya gagare shi, kuma abin da ya fi kewa shi ne abokan gudun. Ya gayyace su wani lambu mai suna Bushy ranar Asabar da safe, su yi kilomita biyar shi kuma ya riƙe agogo, bayan nan a sha gahawa. Mutum 13 suka yi gudun. Daga nan parkrun ta samo asali, wadda yanzu ake yi kyauta kowace Asabar a ƙasashe fiye da ashirin, har da Afirka ta Kudu tun 2011. Masu shirya ta kan yi alfahari da wani abu da zai ba mai horar da zakaru mamaki: matsakaicin lokacin da mahalarta ke kammalawa yana ƙaruwa ne da shekaru, alamar cewa masu nauyin jiki da tsofaffi da masu tafiyar ƙafa ne ke ta shigowa.

A kowane taron parkrun akwai ɗan sa-kai guda da ake ba riga mai launi ta musamman. Aikinsa ya tsaya a bayan kowa, ya daidaita ƙafarsa da ta mutumin da ya fi kowa jinkiri, ya yi masa taɗi idan yana so, kuma ba ya tsallake layin ƙarshe sai wancan ya tsallake. A takardar sakamako, sunan ɗan sa-kan ne ke zuwa na ƙarshe.